Ƙaryar da Orval Pruitt Ya Koya da Tsufa

A garuruwan da ke gefen tafkin nan na yammacin Tennessee, in ka ce Orval Pruitt, sai a ce maka, "Direban motar 'yan makaranta?" To shi ɗin ne. Ya yi tuƙin nan har sai da ya ɗauki 'ya'yan yaran da ya fara ɗauka, sannan ya miƙa makulli ya koma ga abin da ransa ke so tun yana yaro, wato fatsa. Dogo ne, mai fatan-fatan kunnuwa, ba ya shiga gidan kowa da hula a ka. Aibinsa ɗaya ne, amma a wurin masunta ba ƙaramin aibi ba ne: in ka tambaye shi inda ya kama kifi, sai ya gaya maka.

Abin da ya rufa masa asiri shekara da shekaru shi ne Hoyt Ledbetter. Tun suna firamare suke tare, jirginsu ma ɗaya ne, Orval a baya yana riƙe da inji, Hoyt a gaba yana riƙe da baki. In suka dawo gaɓa da kula cike da kifin da suke kira kirafi, mutane suka taso musu da "A ina, a ina?", Hoyt ne ke riga amsawa. Sai ya nuna arewa alhali daga kudu suke, ya rantse da kabarin kakarsa, ƙafarsa kuma tana bisa ta Orval tana danna ta. Da haka ne wurin Orval ya tsira. Wurin kuwa ba komai ba ne illa tarin duwatsun murhun gidan kakansa, wanda ruwa ya haɗiye lokacin da gwamnati ta datse kogin, tun ba a haifi Orval ba. Duk ƙarshen sanyi, in itatuwan bakin hanya suka fara farin fure, kirafi kan baro zurfi su taho gefe su zuba ƙwai, kuma a kan duwatsun nan suke fara yada zango. Abin ba ya daɗewa, 'yan makonni ne su koma inda suka fito.

A kakar bara Hoyt ya yanke jiki ya faɗi yana sharar ganye a bayan gidansa. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta tafi, baki ya karkace. Da aka sallamo shi daga asibiti Orval ya yi ta sintiri, kullum kuma matar Hoyt, Imogene, ita ke tarar sa a bakin ƙofa.

"Ya ɗan samu barci, Orval."

"Da hantsin nan?"

"Magungunan ne."

Orval yana jin talabijin na magana a ciki, yana ganin inuwar kujera mai taya ta bayan labule, amma sai ya ce to, a gaishe shi. Ya koma mota ya zauna ya rasa abin da ke masa daɗi. Ba kifi ne ya dame shi ba. So yake Hoyt ya yarda ya gan shi, ya zage shi yadda ya saba, in da hali ma ya bari a ɗauke shi a sa a jirgi ko sau ɗaya kafin kirafin bana su wuce.

Matarsa Nadine ce ta zo masa da labari daga coci. Ta ce Hoyt yini yake da waya a hannun hagu yana duba zauren masuntan tafkin a intanet, in hoto ya burge shi ya danna masa babban yatsa.

"Kai ma ga wayar da 'yarka ta aiko maka can tana shan ƙura a kan firiji," in ji ta. "In ƙofa ta ƙi buɗuwa ai sai a gwada taga."

Zauren nan kuwa, Allah ya kiyashe ka. Mutum dubu nawa ne oho, rabinsu ba su taɓa jiƙa ƙafa a tafkin ba, amma kowa alƙali ne, kowa da dokarsa, ba kuma wanda ya rubuta dokokin a inda mutum zai gani. Sai ka taka sannan a gaya maka ka taka.

A farkon Maris Orval ya kama 'yan madaidaitan kirafi a gindin gada. Nadine ta ɗauke shi hoto, shi kuma ya zauna da tabarau a kan hanci ya rubuta da yatsa ɗaya, yadda duk mutumin kirki zai yi: gindin gada ne, ginshiƙin da ke kusa da gabas, zurfi kaza, ga irin koton da suka ci. Ya ƙara da fatan alheri ga kowa.

Kafin kofinsa ya huce wayar ta fara kuka. Wani ya ce tsoho ya ƙona wuri, wato ya tona wa duniya inda kifi yake. Wani ya ce gobe 'yan birni za su cika gadar da jiragensu, a gode wa Mista Pruitt. Wata ta ce a cire shi daga zauren. Orval ya karanta ya sake karantawa. Gadar nan fa kowa ya san ta, motoci ke bi ta kanta dare da rana. Yana cikin haka sai ya ga sunan Hoyt Ledbetter, a ƙarƙashinsa kalma ɗaya tak: "Wawa."

Wallahi tsohon nan sai da idonsa ya kawo ruwa don murna. Ya bi Nadine har madafa yana nuna mata.

"Ya ce min wawa."

"To sai a yi biki," ta ce, tana juya kifi a garin masara.

Hoto na biyu ya yi hankali. Ya jera kifin a bayan a-kori-kurarsa a tsakar gida, ba ruwa ba gada, bai rubuta wuri ba. Sai aka taso masa ta wani ɓangaren. Wai ya kwashe mata masu ƙwai, baɗi me za a kama? Wai jera kifi haka fankama ce. Wani kuma ya ce hoto ba wuri ai rowa ce, in ba za ka taimaki jama'a ba me ya kawo ka zaure? Wannan ɗin, da Orval ya duba da kyau, shi ne wanda ya ce ya ƙona gada. Hoto na uku ya ɗaga kifi ɗaya sama, ba komai a bayansa sai gajimare. Aka ce na bara ne. Aka ce ya miƙe hannu ne don kifin ya yi girma a ido. Hoyt ya danna yatsa a na biyun, a na ukun ya rubuta, "Kunnuwa."

Kan Orval ya ɗaure tamau. Ya nufi shagon Twyla, mai sayar da koto da ƙugiya a bakin mashigin jirage, wadda ita ma ya ɗauke ta a motarsa tun tana famfarar haƙori.

"Twyla, ki gaya min tsakaninki da Allah. In na faɗi wuri laifi, in ban faɗa ba laifi. Me mutanen nan suke so?"

"Mista Pruitt, so suke su ga wuri, amma ba wurin ba."

"Ban gane ba."

"Ka kama kifinka a inda ka kama. Ka sa a kula, ka tafi wani gefen da ba komai, ka tsaya ruwa na bayanka da 'yar alama, bishiya ko gini, ka ɗauki hotonka. Mai son ganin wuri ya gani, wurinka ya tsira, 'yan birni su je can su yini suna ba sauro abinci."

"To ba ƙarya ke nan ba?"

"Ladabi ke nan."

"Kowa haka yake yi?"

"Kowa."

"In kowa ya san kowa haka yake yi, wa ake ruɗa?"

Twyla ta tsaya da 'yar ragar kwasar koto a hannu, ta yi ɗan tunani. "Kai dai in ka je gari ka tarar kowa da jela, nemi taka ka ɗaura," ta ce.

Ya kwana biyu yana juya maganar. Shi mutum ne da ko a wasa bai iya ƙarya ba. In ya gwada, kunnuwan nan ke fara yin ja su tona shi. Amma ya lura a hoto ba a buɗe baki. Tsayawa kawai za ka yi, bayanka ya yi maka ƙaryar. Kuma ya ƙudurta a ransa in Hoyt ya ga ya iya wannan, zai yi dariyar da za ta sa ya ce a buɗe masa ƙofa.

Da ruwa ya ɗan yi ɗumi ya je kan murhun kakansa shi kaɗai. Ranar kuwa Allah ya ba shi wata uwar kirafi mai faɗin faranti, irin wadda mutum ke kamawa sau ɗaya a shekaru. Ya sa ta a kula ya fara tunanin wurin banza. Bai sha wahala ba. Akwai wani ɗan lungun ruwa a bayan tsohuwar cocin da aka daina shiga, inda wata shimfiɗar siminti ta gangara har cikin ruwa, a da can nan ake yi wa mutane baftisma. Duk lokacin da suka gifta ta bakin lungun a jirgi, Hoyt kan tofar da yawu ya ce, "Nan ko kwaɗo ba ya zama. Laka ce zalla." Shekara da shekaru yana faɗa, Orval kuwa bai taɓa jefa ƙugiya a wurin ba.

Da azahar ya isa, ba kowa sai tsuntsaye. Ya tsaya a kan simintin, hasumiyar cocin na bayansa, ya miƙa hannu ya ɗauki kansa da kifin. Kunnuwansa sun yi ja duk da haka. Ya ɗora hoton bai rubuta komai ba.

Abin da Twyla ta manta, shi ma bai kawo a ransa ba, shi ne duk wanda ya tashi a gefen tafkin nan ya san Orval Pruitt bai taɓa yin ƙarya ba. Hoton kowa ana kallonsa a taɓe baki, amma hoton Orval shaida ce. Yabo ya yi ta zuba, karo na farko ba wanda ya zage shi. Ya yi ta duba wayar yana neman suna ɗaya. Hoyt bai danna yatsa ba, bai ce wawa ba, bai ce komai ba.

Ba a jima ba hotuna suka fara fitowa a zauren, duk da hasumiyar cocin a baya, duk da kirafi manya-manya. "Mun gode, Mista Pruitt." "Tsoho ya san ruwa." Orval ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Nadine, zo ki gani. Kifi suke kamawa a wurin."

"To ba nan ka nuna musu ba?"

"Ƙarya fa na yi. Ba komai a wurin."

"To su ma ƙaryar suke yi mana."

"Duk su taru su yi ƙarya a wuri ɗaya?"

Ranar Asabar da safe ya kasa haƙuri ya tafi ya gani da idonsa. Tun daga kwanar cocin motoci suka jeru har kan ciyawar maƙabarta. Simintin nan ba masaka tsinke: bokitai, kujerun naɗewa, rediyo na kiɗa, jirage uku sun toshe bakin lungun. Kuma kifi ake cirowa, na gaske, suna fal-fal a rana. Yana tsaye baki buɗe sai ya hango wata mota can gefe a ƙarƙashin bishiya, ya gane ta. Imogene ta fito ta tare shi kafin ya ƙarasa.

"Orval, me muka yi maka?"

"Ni? Me na yi?"

Ta dube shi ta ga da gaske bai sani ba, sai ta sauke murya. Ta ce tun 'ya'yansu na ƙanana, duk Janairu in gwamnati ta rage ruwan tafkin, Hoyt kan bi unguwa ya kwashe itatuwan Kirsimeti da aka yar, ya jawo su nan ta cikin laka, ya ɗaure da bulo ya jera daidai inda sanda za ta kai daga kan simintin. In ruwa ya dawo ya rufe su, kirafi su samu gida. Wai tanadin tsufa yake yi, ranar da hawa jirgi zai gagare shi. Tun da sanyi ya fara sauƙi bana, kullum da sassafe take kawo shi, ta tura kujerarsa har bakin ruwa, ta koma mota ta juya baya.

"Da hagu yake jifa, da haƙori yake riƙe zare. Ko ni ba ya so in kalla."

Orval ya ji abu biyu sun taso masa lokaci ɗaya, kunya da haushi, ya rasa wanda zai fara ji. Ya ƙarasa gefen motar. Hoyt na zaune a gaba, ya rame, gemu ya fito masa fari, yana kallon taron ta gilashi. Wannan ne ganinsu na farko tun asibiti.

"Hoyt."

Hoyt ya ci gaba da kallon taron. Orval ya ƙara matsowa.

"Kai ka ce min ko kwaɗo ba ya zama a nan."

Bakin Hoyt ya yi ta kokawa kafin maganar ta fito. "Ƙarya... na yi."

"Ni ma ƙaryar na yi."

"Taka... ba ta yi kyau ba."

"Jirgi ɗaya fa muke. Murhun kakana ka sani, ni ban san naka ba. Me ya hana ka gaya min?"

"Da... ka gaya... wa duniya."

"Ai ga shi ba ka gaya min ba, na gaya wa duniyar."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Hoyt, kafaɗarsa ta hagu ta girgiza. Har yau Orval bai san ko dariya ce ko kuka ba. Yana shirin cewa ga jirgi can, zai ɗauke shi da hannunsa ya sa a ciki, sai ga wani ƙato da bokiti ya ratso, ya leƙo ta tagar.

"A'a, Mista Ledbetter ne? Sannu, sannu. Ashe haka abin ya yi? Allah sarki." Yana magana da ƙarfi kamar da kurma, idonsa kuma na kan hannun nan da ke naɗe a cinya.

Hoyt ya jawo gefen bargo ya rufe hannun. Ya dubi Imogene, ita kuma ta shiga ta tayar da mota.

A ranar Orval ya yanke shawarar gyara ɓarnarsa da abin da ya iya, wato gaskiya. Ya zauna ya rubuta wa zauren cewa hoton nan ƙarya ne, ba a bayan coci ya kama kifin ba. Don su yarda, ya ba su murhun kakansa ɗungurungum: daga wace bishiya za ka saita, da wane tsauni, zurfi nawa. Nadine na tsaye a kansa tana cewa ya yi tunani. Ya ce ya yi, a bar wa Hoyt simintinsa kawai. Sunan Hoyt ne kaɗai bai rubuta ba, nan ma sai da ya cije.

To garin gyaran gira aka rasa ido. Rabin zauren suka ce tsoho ya waye, so yake ya kore mu daga coci ya ci shi kaɗai, suka ƙara yawa a wurin. Ai suna da hujja, kifi suke kamawa. Ɗaya rabin suka ce Orval ba ya ƙarya, suka ɗunguma kan murhun. Wasu suka zage shi don ya yi ƙarya, wasu suka zage shi don ya faɗi gaskiya, mutumin nan na gada ya zage shi a kan duka biyun. Da ya je sayen koto Twyla ta riƙe haɓa.

"Mista Pruitt, tunda nake ban taɓa ganin mutum ɗaya ya ƙona wuri biyu da kifi ɗaya ba."

"Ke kika ce in ɗaura jela."

"Ban ce ka ɗaura a gidan mutane ba."

"To ta ina zan san gidan mutane ne, bayan mai gidan ya ce kango ne?"

Sai ta ƙara masa koto kyauta.

Ya ci gaba da zuwa ƙofar Hoyt. Yanzu Imogene ba ta cewa yana barci, cewa take ba yau ba. Ya rasa ko haƙuri zai bayar ko shi za a ba. Wata rana ya tafi da niyyar durƙusawa, wata rana ya tafi da faɗa a bakinsa, duk a bakin ƙofa suke ƙarewa. Ana haka kirafi suka gama abin da ya kawo su suka koma zurfi, motoci suka watse, aka bar simintin da gwangwanaye da guntayen zare.

Wata safiya yana zaune a matakalar gidansa sai ga motar Imogene, wata doguwar sanda ta leƙo ta tagar baya. Ta zaro ta ta kawo masa. Sandar fatsar Hoyt ce ta gora, wadda ubansa ya bar masa, mariƙinta ya yi baƙi don shan hannu.

"Ya ce in kawo maka."

"Ai baɗi ma rana ce, Imogene. Mutane za su manta. In sun ƙi, ni da kaina zan ja masa itatuwa wani wurin."

"Ba kifin ba ne, Orval. Nan ne kaɗai yake zama masunci ba wanda ke ce masa sannu. Yanzu kowa ya san hanya."

Ya karɓi sandar, ya juya ta a hannu. "To wannan kyauta ce, ko sallama ce?"

"Na tambaye shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce kada ka ɗauke ta hoto."

Orval ya fara murmushi, don wannan bakin Hoyt ne sak, har ya ji zuciyarsa ta ɗan saki. Sai Imogene ta ƙara da cewa jiya ya sa ta cire masa zauren daga wayar, wayar ma ya ce a sa ta a durowa.

"To ta ina zan..." ya fara, amma ta riga ta juya, tana share ido da bayan hannu.

Ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Sannan ya tashi zai shiga da sandar ciki. Ta yi wa ƙofar tsawo. Ya karkata ta nan, ya karkata ta can, kanta na dukan rufin baranda. Sai ya koma ya zauna a matakalar, ya ɗora ta a kan gwiwoyinsa.